Yadda ake ɗaukar sautin jitar katako da makirufo ko fikof a ɗaki irin namu na Katsina

Yawancin situdiyoyinmu, daga Katsina har Kano, an gina su ne kan fiyano da murya. Mai kiɗa ya haɗa komai a Yamaha ko a FL Studio, mawaƙi ya shiga ɗan ɗakin ɗauka ya rera, a tace, a sallame shi. Shi ya sa ranar da wani ya shigo rataye da jitar katako, sai a ɗauko makirufon murya a kafa shi daidai bakin ramin jitar, a danna. Abin da ke fitowa gum-gum ne kawai, kamar wanda ya zura kai cikin randa yana magana. Daga nan sai a ɗora laifin kan makirufo, ko a ce jitar ce ta gwanjo.

Alhali masu kaɗa ta ƙaruwa suke yi. Kiɗan jitar mutanen Agadas ya daɗe yana shigo mana ta Maraɗi da Damagaram, samarin Jibiya da Daura sun tashi da shi a wayoyinsu, ga ɗaliban jami'a da ke koyo a YouTube, ga masu waƙar coci. Aikin, ko da makirufo ne ko da fikof, wato 'yar na'urar jikin jita da ake jona wa waya, ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Mafi yawan abin da zai sa sauti ya yi kyau ko ya ɓaci yana faruwa ne kafin a danna maɓallin ɗauka, kuma matsar da makirufo taƙi guda yakan yi abin da sayen sabo ba zai yi ba.

Fara da jitar da mai kaɗa ta

Makirufo ba ya rufa wa kowa asiri. Tsirkiyar da ta shekara a jiki, ta sha gumi da ƙura, ta mutu, babu na'urar da za ta dawo mata da ƙyalli. Canza tsirkiyoyi kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ɗauka, kada ka bari sai ranar, domin sabuwar tsirkiya tana ta miƙewa, saiti ba ya zama, kuma kaifinta ya yi yawa. Ka saita da manhajar saiti a kan 440 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti, ƙaramar lamba kauri, babba kaifi), ka sake dubawa kafin kowace ɗauka. Ba sau ɗaya da safe ba, kowace ɗauka. Zafin ɗakin da aka rufe tagoginsa ya isa ya sassauta tsirkiya cikin minti goma.

Hunturu shi ne babban abokin gabar jita a ƙasar nan. Masu ƙera ta suna so ta zauna inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Maris takan faɗi ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe ya tsuke, fuskar jitar ta lotsa, tsirkiya ta sauko tana taɓa ƙarafan wuya tana zzz, bakin ƙarafan ya fito yana kartar hannu, wani lokaci fuskar ta tsage gaba ɗaya. Maganin ba shi da tsada. Samo soso, ka jiƙa, ka matse shi sosai har ya daina ɗiga, ka sa a robar sabulu mai huji, ka ajiye cikin jakar jitar ka zuge. Yi haka tun mako guda kafin ɗauka. Da damina kuma, musamman Agusta, abin yakan juya: katako ya kumbura, tsirkiya ta yi sama, dannawa ta yi wuya, sauti ya yi nauyi.

Sai mai kaɗin. A cire agogo da zobe, a fitar da carbi da makullai daga aljihu. Maɓallan hannun kaftani suna bugun katako, shadda mai sitaci tana ƙwaras-ƙwaras duk sanda ya motsa, saboda haka riga mai taushi ta fi. Kujerar roba tana kuka, a ba shi benci ko kujerar katako marar hannu. Idan da ɗan robar kaɗi yake amfani, a gwada biyu: siririya mai kaurin kusan rabin milimita tana ba da cas-cas mai kyau ga kiɗan shara, mai kaurin milimita ɗaya tana fitar da cikar sauti idan tsirkiya ɗai-ɗai ake tsinka.

Ɗaki da lokaci

Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani tirrr ya biyo bayan tafin, bango ne ke jefa wa bango sauti, kuma makirufo zai kwashe shi duka. Ɗakunan zamani masu tayil da filasta mai santsi sun fi kowane yin haka. Akwai kuma matsalar da ba a ji da tafi. Ɗakin nan da magina ke yanka mana, ƙafa 12 tsawo 12 faɗi, yana kumbura sauti a wajen 47 Hz da ninkinsa 94 Hz, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, kumburin ninki biyu ne. Cikin jita shi ma a wajen 100 Hz yake amsawa. Idan suka haɗu, sai ka ji duk sanda aka taɓa babbar tsirkiya ta sama ɗakin ya ɗauka.

Wanda ke da tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara a cikin gari, irin na wajen Ƙofar Soro ko tsohuwar Daura, ya riƙe shi da kyau. Kaurin bangon yana tare hayaniyar waje, rashin santsinsa yana warwatsa sauti. A wurina ya fi situdiyoyi da yawa da aka lulluɓe da kwalin ƙwai. Kwalin ƙwai ba ya hana ƙarar waje shigowa, ba ya taɓa gum-gum ɗin ƙasa, ƙura kawai yake tarawa, ga haɗarin gobara.

A ɗakin siminti, ga abin da za ka yi. Shimfiɗa kafet ko darduma biyu ƙarƙashin mai kaɗi da sandar makirufo. Kada ya zauna a tsakiyar ɗaki, kada ya shige kusurwa, ya zauna kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin. Sannan jingina katifa a bayansa. A bayansa, ba bayan makirufo ba. Makirufo gabansa yake ji, kuma abin da ke gabansa shi ne jita da bangon da ke bayan mai jitar. Bayansa kurma ne, don haka juya bayan nan ya kalli taga ko laftof mai fanka. In akwai wardirof cike da kaya, buɗe ƙofofinsa.

A kashe fanka da firij. Da bazara wannan azaba ce, shi ya sa ake ɗauka gajere-gajere, a buɗe ƙofa a sha iska, a koma. Rufin kwano yana ƙas-ƙas idan rana ta buge shi da hantsi da kuma sanda yake hucewa da yamma. San lokutan kiran salla na masallatan unguwarku ka tsara aikinka a tsakaninsu, haka injin markaɗen maƙwabta da lokacin tashin 'yan makaranta, sanda babura da Keke Napep ke cika layi. A unguwanni da yawa dare ya fi, bayan masu janareta sun kashe. Kafin a fara, ɗauki rabin minti na shirun ɗakin, ka ƙara sauti ka saurara da hedifon. Za ka ji abubuwan da kunnenka ya saba da su har ya daina ji.

Wuta kuma, hanya mafi tsabta ita ce ka cika batirin laftof, ka zare caja, ka bar sawunkad, wato akwatin da ke haɗa makirufo da laftof, ya sha wuta ta USB. Wutarmu 50 Hz ce, kuma gidaje da yawa ba a haɗa musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba, shi ya sa ake samun wannan huuum da ba ya yankewa. Ƙaramin janareta da inbata mai araha suna ƙara nasu zizar a kai. Wayoyin hannu duka a sa su yanayin jirgin sama ko a fitar da su.

Wane makirufo, kuma yaya ake jona shi

Makirufo irin kondensa ya fi kama ƙananan abubuwa: saukar yatsa, ƙyallin tsirkiya, numfashin katako. Ƙanana masu siffar alƙalami irin Rode NT5, Samson C02 ko Behringer C-2 don irin wannan aiki aka yi su. Manya na murya irin Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1 su ma suna yi sarai, kuma su ne aka fi samu a situdiyoyinmu. Amma kondensa ba ya zaɓe, yadda yake jin jita haka yake jin akuyar maƙwabta. Idan ɗakinka mai hayaniya ne, dainamik irin Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965, zai fi rufa maka asiri, don dole ka matso da shi kusa, sai jita ta rinjayi ɗaki. Ka dai kula, jabunsa sun cika kasuwa. Shi kuwa BM-800 da ƙaramin akwatin V8 da 'yan TikTok ke amfani da su, in su ke gare ka, da babu gara ba daɗi, amma kashe eko da duk wani adon da ke ciki.

Jona wayar makirufo ta XLR tukuna, geyin, wato maɓallin ƙarfin shigar sauti, yana ƙasa, sannan ka danna 48V, maɓallin da ke ba makirufo wuta, idan kondensa ne. Dainamik ba ya buƙatarsa. In za ka zare, kashe 48V, jira 'yan daƙiƙu. A manhaja, ko Cubase ce ko Reaper ko Audacity ta kyauta, zaɓi bit 24 da 48 kHz, musamman in za a ɗora a bidiyo. Buɗe layin mono, ba sitiriyo ba, domin makirufo ɗaya a layin sitiriyo kunne ɗaya zai fito. Kashe sifikun ɗaki, a yi aiki da hedifon mai rufe kunne. Idan mai kaɗi yana jin kansa a makare, danna maɓallin jin kai tsaye da ke jikin sawunkad, irin su Focusrite Scarlett da Behringer UMC duk suna da shi.

Inda za a kafa shi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa.

Sautin jita ba daga rami kaɗai yake fitowa ba. Tsirkiya tana girgiza jakin da take hawa, jaki ya girgiza fuskar katako gaba ɗaya, fuskar ce ke tura iska. Rami iskar cikin ce kawai ke shiga da fita ta nan, kuma kusan duk kauri ne. Ta wajen wuya kaifi da ƙarar yatsu suka fi yawa, ta bayan jaki kuma tsakiyar sauti mai ɗumi. Kunnen wanda ke zaune gabanka yana haɗa su duka. Makirufon da ke kusa kuwa abin da ke gaban hancinsa kaɗai yake ji.

Kafin ka taɓa sanda, sa mai jita ya yi ta kaɗa ainihin abin da za a ɗauka. Toshe kunne ɗaya da yatsa, ka durƙusa, ka bi gaban jitar da ɗaya kunnen a hankali, daga wuya zuwa rami zuwa gindi, ka matso, ka ja baya. Akwai wurin da za ka ji komai ya daidaita. Nan za ka fara.

Galibi wurin yakan faɗo daidai inda wuya ya haɗu da jiki, tsakanin ƙarfe na 12 da na 14. Kafa makirufo a nan, nisan taƙi guda zuwa taƙi da rabi, wato santimita 20 zuwa 30, tsayinsa daidai da tsirkiya. Sa hedifon. Yanzu kada ka ɗaga sandar, juya kan makirufon kawai. In sautin ya yi siriri, karkata shi kaɗan ya leƙi gefen rami. In ya fara gum-gum, mayar da shi ya kalli wuya. Karkatar da ba ta kai faɗin yatsu biyu ba tana canza abu sosai, don haka a hankali.

Nisa ma yana da nasa hukunci. Irin waɗannan makirufo masu jin gaba, duk sanda suka matso kusa da abu sai su ƙara masa kauri, ƙasa da santimita 15 abin ya fara yawa. In ka ja baya, kaurin ya ragu, jitar ta fito a dunƙule, amma ɗaki ya shigo, domin duk ninka nisa sautin jita yana raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Ɗakin ƙasa mai kyau zai bar ka ka kai kamu guda. Ɗakin tayil ba zai bari ba.

Idan ƙiiƙ ɗin yatsa kan tsirkiya ya dame ka, sauko da makirufo ƙasa da layin tsirkiya ya kalli sama kaɗan, ko ka koma ta bayan jaki, nisan taƙi guda, inda hannun dama ba zai tare shi ba. Wannan wurin ya fi dacewa da jita mai tsirkiyar roba da kuma ƙaramar jita marar nauyi. Idan numfashin mai kaɗi ke shiga, ɗaga makirufo sama ya kalli ƙasa. Akwai kuma wurin da ba a cika gwadawa ba: ta saman kafaɗarsa ta dama, kusa da kunnensa, yana kallon fuskar jitar. Wannan na mutumin da ke cewa, “Wallahi Yaya, ba haka nake jin ta a hannuna ba.” Gaskiyarsa ne, shi daga sama yake jin ta.

Ɗauki daƙiƙa ashirin a wuri uku, ka faɗi sunan kowane wuri da baki a farkon ɗaukar, sannan ku zauna ku saurara. In kun zaɓa, manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kujera da na sanda suke, ka ɗauki hoto da waya. Mai kaɗi zai tashi salla ya dawo, kuma ba zai zauna yadda ya tashi ba. Ka kuma roƙe shi ya rage rausaya, domin in wuyan jita yana gaba yana baya, sauti ma haka zai yi.

Geyin: ce masa ya kaɗa wurin da ya fi ƙarfi a waƙar. Murɗa har ƙololuwa ta tsaya wajen desibel −12 a mitar manhaja, kada ta wuce −6. Mutane kan ƙara ƙarfi in an fara ɗauka da gaske, saboda haka bar masa fili. A bit 24 ƙaramin sauti ba matsala ba ne, ana ɗaga shi daga baya. Wanda ya taɓa jar alamar mita ya fashe kuwa ya tafi ke nan.

Idan makirufo biyu ne

In jita za ta shiga cikin fiyano da ganguna da murya, makirufo ɗaya ya isa, har ya fi zama daram. In kana son faɗi, sa ya kaɗa abu ɗaya sau biyu, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafar layi ɗaya ka manna ba ta yin wannan aiki, sai an sake kaɗawa.

Biyu suna da amfani in jitar ce kaɗai da murya. Hanya marar rigima ita ce ka haɗa kawunansu wuri ɗaya, ɗaya bisa ɗaya, su yi kusurwar digiri 90, a gaban mahaɗar wuya da jiki, ɗaya na kallon wuya ɗaya na kallon jiki. Da yake sauti yana isa gare su lokaci ɗaya, ba sa cin juna. Ɗaya hanyar ita ce rabawa: ɗaya a ƙarfe na 12, ɗaya ta bayan jaki. Ta fi faɗi, ta fi haɗari. Nisansu daga jita ya zama ɗaya, auna da igiya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kai ninki uku na wannan nisan. In kowanne yana santimita 20 daga jita, tsakaninsu ya kai 60. Bayan ka ɗauka, haɗe su su zama mono ka ji. In jitar ta rame ta zama kamar daga bututu, matsar da ɗaya kaɗan ka sake. Kada ka tsallake wannan gwaji, don yawancin masu sauraronka da sifikar waya ko ƙaramar sifikar Bluetooth za su ji.

Fikof

Fikof ita ce 'yar na'urar da ke jikin jita, wadda ke ba ka damar jona waya kai tsaye. Iri uku aka fi gani. Akwai fiyezo, siririn abu da ke kwance ƙarƙashin farin ƙashin jaki, yana mayar da matsin tsirkiya lantarki, shi ne a kusan duk jitar da ka gani da ɗan allon maɓallai a gefe. Akwai mai maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin rami, wanda ƙarfe kaɗai yake ji, ba ya aiki da tsirkiyar roba. Sai wanda ake mannawa a cikin katako, irin K&K, da ya fi kusa da sautin gaske amma yana kama duk wani bugun hannu.

Ra'ayina a fili yake: fikof don dandali aka yi shi, inda makirufo zai yi ta kuka da sifiku. A ɗauka, fiyezo yana da wani ƙwas mai tauri da ba ya kama da katako, saboda ba ya jin iska ko ɗaki ko kaɗan. Amma wannan kurmantar ita ce amfaninsa a wurinmu. Ranar da ake biki a layinku, ko ruwa na dukan kwano, fikof ne zai fitar da kai.

Yadda ake jona shi: sa sabon batir mai bolt 9, domin wanda ya yi sanyi yana sa sauti ya tsage tun kafin ya mutu. Mayar da maɓallan kauri da kaifi na jikin jita tsakiya, ƙarfin sauti kuma kamar kashi uku cikin huɗu. Yi amfani da gajeriyar wayar jita, mita uku ta isa. A sawunkad danna maɓallin da aka rubuta INST ko Hi-Z. Wannan ba ado ba ne. Fiyezo marar batir yana son mashiga mai turjiyar megohm 1 ko fiye, in ka cusa shi a mashigar layi ta mikisa kaurinsa zai zube, ya bar ka da ƙaiƙayi. In sawunkad ɗinka ba shi da wannan maɓalli, sai akwatin DI mai amfani da wuta, wanda ake sawa tsakanin jita da sawunkad. Mai maganaɗisu yakan jawo huuum daga caja da taransifoma, sa mai kaɗi ya juya da kujerarsa a hankali har ku sami fuskar da ƙarar ta fi raguwa. In an gama a zare waya daga jita, don barinta a ciki yana shanye batir.

Abin da na fi so shi ne a ɗauki biyun tare, makirufo a mashiga ta 1, fikof a ta 2, kowanne da layinsa. Sai dai akwai lissafi. Lantarkin fikof yana isa nan take, sautin iska kuwa yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wato santimita 30 tana cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ƙanƙanin jinkirin nan ya isa ya sa su cinye juna a wajen 570 Hz da wasu wurare sama da nan, jitar ta fito da rami a tsakiya. Gyaran: a farkon ɗauka sa ya tsinki tsirkiya ɗaya da ƙarfi. Daga baya buɗe zanen sautin sosai, ka ja layin fikof dama kaɗan, wato ka jinkirta shi, har tsinin biyun ya hau juna. In ɗaya na hawa ɗaya na sauka, danna maɓallin juya fuska mai alamar Ø. Sannan bar makirufo a gaba, ka ɗago fikof daga ƙasa sannu a hankali har ka ji ƙananan tsirkiyoyi sun tsaya da ƙafarsu. Da ka fara jin ƙwas ɗin, ka wuce, koma baya.

Mai waƙa yana kaɗi, da mai waya kaɗai

Wasu ba sa iya raba waƙa da kaɗi, in ka tilasta musu sai duka biyun su mutu. Bar su. Sa dainamik dab da baki yana kallon sama, makirufon jita kuma ya sunkuya yana kallon ƙasa, kowanne ya juya wa ɗayan gefensa. Murya za ta ɗan shiga layin jita ko ta yaya, ka sani tun yanzu cewa Auto-Tune mai nauyi ba zai zauna a irin wannan ɗauka ba, domin muryar asali tana nan a ɗaya layin tana tona asiri. Wani lokaci makirufo ɗaya a tsayin ƙirji, nisan kamu guda, ya fi duka, in ɗakin ya yarda.

Mai waya kaɗai, duk abin da aka faɗa kan ɗaki da wuri ya shafe ka. Ɗora ta kan littattafai, gindinta inda makirufo yake ya kalli ƙarfe na 12, nisan taƙi biyu. Kada ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, an gina shi don magana, yana matse sauti yana cinye jelar tsirkiya. Nemi manhaja mai ajiye WAV, ko BandLab. Ƙaramin rikoda irin Zoom H1n ma yana zuwa da makirufo biyu a haɗe. Gurmi da garaya da molo su ma haka ake bin su da kunne ɗaya a toshe, sai dai fatarsu tana harba sauti gaba da ƙarfi, a ɗan kauce mata gefe.

Bayan an ɗauka

In wurin ya yi daidai, tacewa kaɗan ce. Tsirkiya mafi kauri tana kan 82 Hz, don haka yanke duk abin da ke ƙasa da 70 ko 75, nan gurnanin mota da huuum ɗin wuta suke. In jita na cikin kiɗa mai bes, kana iya kai yankan 100 ko 120. Gum-gum da ya rage, neme shi tsakanin 100 da 250, rage desibel 2 ko 3. Taurin fiyezo yakan zauna tsakanin 1 da 3 kHz. Kwamfuresa, mai danne wuraren da sauti ya yi ƙarfi, a sa 2:1 ko 3:1, ya riƙa danne desibel 2 zuwa 3 kawai. Eko kuwa, mun san halinmu da shi, sa har ka ji shi, sannan ka rage rabi. In ka ga kana yankan desibel 8 ko 10 a wuri ɗaya, daina, koma ka matsar da makirufo ka sake ɗauka.

Saurara a hedifon, a sifikar waya, a mota. Ajiye asalin WAV a wuri biyu, minti ɗaya na layin mono a bit 24 da 48 kHz bai kai megabait 9 ba. In za ka tura wa mai tacewa a Kano ko Kaduna, tura kowane layi daban, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya, ba eko ba kwamfuresa, kuma ta hanyar aika takarda a WhatsApp ko ta Google Drive don kada a matse su. Makirufon kondensa kuma a mayar da shi akwatinsa da ƙullin nan mai shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, domin ƙurar hunturu da laimar Agusta in suka haɗu a kan fatarsa, ƙaras-ƙaras zai fara yi.